Ƙarfen da Ake Rataya Rai a Kansa

A gabashin Jamus, kudu maso gabas da birnin Dresden, inda kogin Elbe ya ratsa duwatsu masu tsayi tsaye ɗaiɗai, akwai wani ɗan ƙarfe da dokar mahaya dutse ta hana a cusa shi cikin tsaga. Wanda aka gani yana amfani da shi zai sha faɗa tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. A jihar Yuta ta Amurka kuwa, a kwarin da ake kira Indian Creek, wannan ƙarfe shi ne guzurin tafiya. Mutum ba ya tunkarar bango sai ya rataya goma ko fiye a ƙugunsa, in nasa ba su isa ba ya ari na abokai. Wuraren biyu duk dutsen yashi ne, mutanen biyu duk gwanayen hawa ne, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a zauna a saurara.

Masu hawan dutse da igiya bibbiyu suke tafiya. Na gaba yana hawa da igiya ɗaure a ƙugu, na ƙasa yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan. Igiyar ba ta tsinana komai sai an maƙala ta a jikin dutsen, saboda haka bayan kowane 'yan mitoci na gaba yakan tsaya ya sa wani abu a tsaga, ya saƙala igiyar a jikinsa ta cikin ƙugiya mai ƙofa. In ya suɓuce yana mita biyu sama da abin da ya sa na ƙarshe, zai faɗo mita huɗu da ɗoriya kafin igiya ta tare shi. In abin bai riƙe ba, sai a dogara da wanda ke ƙasa da shi, in akwai.

Shekaru da yawa abin da ake sawa ƙusa ce ta ƙarfe, a buga ta da guduma, na baya ya zo ya yi ta dukanta hagu da dama har ta fita. Da irin waɗannan ƙusoshi Warren Harding da abokan tafiyarsa suka kammala hawan hanyar The Nose a dutsen El Capitan na kwarin Yosemiti a 1958, bango mai tsayin kusan mita 900. Wasu tsagogin sun yi wa ƙusoshin zamanin faɗi, har sai da aka ƙera manya daga ƙafafun tsohon murhu. Amma buga ƙusa da cire ta sau dubu a wuri ɗaya yana cin dutse. Akwai wata hanya a Yosemiti mai suna Serenity Crack da siririyar tsagarta ta koma jerin ramuka saboda guduma. A 1972 Yvon Chouinard da Tom Frost, waɗanda ƙusoshi ne mafi yawan cinikin kamfaninsu, suka fitar da kundin kaya suna roƙon mutane su ajiye guduma. Abin da suka kawo a madadi weji ne na alminiyam, ƙanana da manya masu kusurwa shida, dabarar da ta samo asali daga mahayan Birtaniya, waɗanda suka fara da cusa tsakuwa a tsaga, daga baya suka koma tsintar noti suna zira masa igiya.

Weji yana da sharaɗi guda: dole tsaga ta ƙuntata daga ƙasa, yadda in an ja shi zai ƙara cijewa. In tsagar ta miƙe sambal, gefe da gefe daidai wa daida, babu abin da zai tare shi. A nan ne matokari mai sifirin, ƙarfen nan da aka hana a Jamus, ya shigo.

Tunanin ya girmi kayan. Vitaly Abalakov, injiniya kuma mahayin duwatsu na Tarayyar Sobiyet, ya riga kowa gane cewa ƙarfe mai wata irin lanƙwasa zai iya juya jan ƙasa ya koma turin gefe, kuma Greg Lowe a Amurka ya gwada nasa a farkon shekarun 1970. Wanda ya haɗa abin ya zauna da gindinsa shi ne Ray Jardine, injiniyan harkar jiragen sararin samaniya da ya bar ofis ya koma hawan dutse. Ya yi shekaru yana ɓoye abin da ya ƙera, yana hawa da shi a asirce. A 1977 Mark Vallance ya kafa kamfanin Wild Country a ƙauyen Tideswell na Ingila domin ƙera shi, a 1978 kuma ya shiga kasuwa da sunan Friend.

Ƙirarsa ba ta da wuyar bayani. Kunnuwa huɗu ne na alminiyam, kowanne kamar yankin faifai, suna juyawa a kan sandar ƙarfe guda, biyu suna kallon wannan gefe, biyu wancan. Daga sandar sai ƙota ta sauko, a ƙarshenta akwai madauki na saƙala igiya. A tsakiyar ƙotar akwai kunama: in ka ja ta da yatsu biyu kunnuwan su tsuke, ka cusa a tsaga, ka saki, sifirin ya buɗe su su taɓa dutse ta ɓangarorin biyu. Mutane da yawa suna zaton sifirin ɗin ne ke riƙe mutum. Aikinsa kawai ya ajiye kunnuwan a jikin dutse kafin nauyi ya zo. Da zarar an ja ƙotar ƙasa, kunnuwan suna neman buɗewa, dutse ya hana, sai jan ya koma tokara. Wanda ya taɓa ganin mai yasar rijiya yana sauka ya ware ƙafafu, ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan, ya ga dabarar: nauyinsa ne ke danna tafin ƙafarsa a jikin bangon, kuma gwargwadon yadda ƙafafun suka kwanta, gwargwadon ƙarfin dannawar.

Gwanintar tana cikin lanƙwasar bakin kunnen. An yanke shi bisa wani layi da masu lissafi suka daɗe da sani, wanda ke faɗaɗa yana juyawa ba tare da kusurwarsa ta sauya ba. Saboda haka ko kunnen ya tsuke ko ya buɗe, kusurwar da yake haɗuwa da dutse guda ce. Wild Country suka tsaya a kan digiri 13.75, sauran kamfanoni kuma ba su yi nisa da nan ba. Wannan adadi yana haifar da abu biyu, kuma a kansu ne duk gardamar ta ginu. Na farko, matokarin zai riƙe ne kawai in riƙon da ke tsakanin alminiyam da dutse ya kai kusan kwatan ƙarfin dannawar. Busasshen dutsen giranit yana ba da fiye da haka nesa ba kusa ba. Na biyu, kowane gefen tsagar yana shan turi kusan ninki biyu na nauyin da aka rataya. Faɗuwar da ta ja kilonuton biyar, wato kamar nauyin rabin tan, tana danna kowane bango da kusan tan guda.

Masu goyon baya ba sa wahalar neman hujja. Sukan nuna Supercrack a Indian Creek, tsaga miƙaƙƙiya mai faɗin hannu da Earl Wiggins ya jagoranci hawanta a 1976 da weji masu kusurwa shida, yana sane cewa in ya faɗi ba lalle su tsaya ba. A lokacin an ɗauki abin a matsayin kasada da rai. Yau ana layi a gindinta, mutum ya hau ya faɗi ya sake hawa, ya sauko ya ci abincin rana. Sukan nuna The Phoenix a Yosemiti, wadda Jardine ya haye a 1977 da matokaransa na ɓoye, ɗaya daga cikin hanyoyi mafi wuya da aka sani a duniya a wancan lokaci. A bango mai rinjayowa, inda hannu ɗaya ke riƙe da jiki duka kuma damtse na ƙuna, babu lokacin zaɓen weji da gwada shi da sake gwadawa. Matokari kuwa daƙiƙu kaɗan ne da hannu guda. Kowane girma yana da launinsa, har mahaya ba sa kiran lamba, sai ka ji ana cewa miƙo ja, miƙo shuɗi. Guda ɗaya kuma yana rufe faɗi mai yawa: matokari samfurin Camalot mai lamba 1 yana aiki daga kusan milimita 30 zuwa 52, mai lamba 6 kuwa daga kusan 114 zuwa 195. The Nose da ta ci wa Harding makonni, Alex Honnold da Tommy Caldwell sun haye ta a ƙasa da awa biyu a 2018. Ba ƙarfe kaɗai ya kawo haka ba, amma da guduma a hannu ba za a yi ba.

Suna da wata hujjar da ta fi waɗannan nauyi a wurina. Inda weji ba ya kamawa, zaɓin da ya rage a da shi ne ko a buga ƙusa, ko a huda dutse a dasa ƙarfe na dindindin, ko a hau ba kariya. Matokari ya kawo hanya ta huɗu: a sa, a wuce, na baya ya ja kunama ya cire, dutse ya zauna yadda aka same shi. Kiran da Chouinard ya yi a 1972 da ya tsaya rabin hanya in ba don wannan ba. Abin dariyar ma, ramukan da ƙusa ta bari a Yosemiti, waɗanda bakinsu ya fi cikinsu faɗi, yanzu an ƙera musu matokarai na musamman masu kunnuwa biyu manya biyu ƙanana.

To me masu suka ke cewa? Tun fitowarsa wasu tsofaffin hannu suka ce wannan ha'inci ne, an sayo jarumta a kanti. A ganinsu daɗin hawan tsaga yana cikin sanin cewa faɗuwa tana da tsada, kuma wanda aka cire wa tsoro an rage masa rabin aikin. Ban ga wannan magana ta tsaya da ƙafarta ba. Haka aka ce da igiyar nailan ta zo, haka aka ce da takalmi mai roba mai kama dutse. Kowane zamani yana ja layin jarumta daidai inda kayan ƙuruciyarsa suka tsaya. Kuma mai son tsoro bai rasa shi ba. Ya matsa ne kawai zuwa hanya mafi wuya, inda tsagar ta yi sirantar da ko ƙaramin matokari ba ya shiga.

Maganar kuɗi ta fi wannan gaskiya. Matokari guda mai matsakaicin girma bai rasa dala 70 zuwa 100 ba, kuɗin da zai kusa sayen jerin weji gaba ɗaya, kuma a wuri kamar Indian Creek ana buƙatar girma guda sau biyar ko shida. Ga nauyi: babban guda ya haura rabin kilo. Wasan da a da ake shiga da notin tsintuwa ya koma wasan mai hali. Sai dai wannan kuka ne a kan farashi, bai taɓa ingancin kayan ba.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Sukar da ta fi ƙarfi tana cikin waɗancan lissafi biyu na digiri 13.75. Weji yana riƙewa da siffa: ya fi ƙuncin da ke ƙasansa girma, ido yana gani, ko ɗan koyo zai iya duba ya ce wannan ba zai fita ba. Matokari yana riƙewa da gogayya tsakanin ƙarfe da dutse, ita kuwa ba a ganinta. Tsaga mai ƙura, mai gansakuka, mai danshi, ko dutsen farar ƙasa da hannaye suka goge har yana sheƙi, duk suna iya sauke riƙon ƙasa da wancan kwata. In hakan ta faru, ƙarfin kayan ba ya ceto. Wanda aka rubuta wa kilonuton 14 a jiki zai zame kamar wanda aka rubuta wa biyar, domin ba karyewa ya yi ba, tun farko bai kama ba. Shi ya sa masu hawan hunturu a Skotland, inda tsagogi ke lulluɓe da siririyar ƙanƙara, har yau suna ɗaukar tsofaffin weji masu kusurwa shida da wasu ke yi wa dariya saboda ƙarar da suke yi a ƙugu.

Haka ma turin gefe. A bayan ɓawon dutse da ya ɗan rabu da uwar bango, weji zai ja ƙasa da ɗan turi, matokari kuwa zai yi aikin ɓamɓarewa. In ɓawon ya buɗe ko da 'yan milimitoci ne, ƙaramin matokari ya ƙare iyakarsa ya fito; in ya ɓalle gaba ɗaya, ya nufi kan wanda ke riƙe da igiya a ƙasa. Akwai kuma tafiya. Igiya tana kaɗa ƙotar sama da ƙasa, kunnuwa biyu su riƙe biyu su matsa, da haka matokarin ke rarrafawa cikin tsaga shi kaɗai bayan mai shi ya yi gaba. Ko ya je inda tsaga ta buɗe ya saki baki ɗaya, ko ya shige lungun da yatsa ba ya kai wa kunamarsa. A hanyoyin da ake yawan bi ba a rasa ganin gawar wani can ciki, ta yi shekaru, wanda ke rage kaifin da'awar nan ta cewa ba ya barin komai a baya. Wanda ya firgita ya danna babba cikin ƙaramar tsaga har kunnuwa suka tsuke ƙarshe, shi ma ya yi kyauta ga dutse. Wanda ya sa ƙarami a babbar tsaga, kunnuwa a buɗe kan tsininsu, ya rataya ransa a kan ado.

Abin da masu sukar ke nufi, in an tace, shi ne sauƙin sawa ya yi wa sanin sawa nisa. Weji mara kyau yakan faɗo da kansa ya tona asirin mai shi. Matokari mara kyau yana zaune daram saboda sifirin, yana kama da mai kyau, har ranar da aka faɗa masa.

Maƙera ba su yi shiru ba, kuma kusan kowane sauyi a ƙirar amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan koke-koke. Friend na farko ƙotarsa sanda ce mai tauri, wadda in aka sa ta a tsagar kwance ta leƙo waje, faɗuwa na iya lanƙwasa ta ko karya ta a bakin dutse. Mahayan Shawangunks na jihar New York, inda tsagogi kwance suke, suka ƙirƙiro ɗaura 'yar igiya kusa da kan don nauyi ya sauka can. Daga baya aka koma ƙotar waya mai lanƙwasuwa. A 1987 kamfanin Chouinard, wanda ya zama Black Diamond, ya fito da Camalot mai sanda biyu a maimakon ɗaya, abin da ya ƙara faɗin da guda ke rufewa amma ya ƙara nauyi. Don rage tafiya aka sa madauki mai tsawaitawa. Kamfanin Totem na yankin Bask a Sifen ya sa kowane kunne yana ɗaukar nauyi ta wayarsa, don ya kama a tsaga mai buɗaɗɗen baki. Sai dai akwai cinikin da ba a iya tsallakewa. Ka ƙara kusurwa, ka samu faɗi ka rasa riƙo. Ka rage ta, ka samu riƙo, ka rasa faɗi, ka kuma ƙara matsa wa dutse. Alminiyam mai taushi yana cizon dutse da kyau amma yana saurin cinyewa, mai tauri yana daɗewa amma ya fi zamewa. Shekara arba'in da ɗoriya ana gyara, kusurwar ba ta motsa fiye da digiri kaɗan daga inda Jardine ya bar ta ba.

Wannan ya mai da mu Saksoni, yankin nan na kogin Elbe a gabashin Jamus. Dutsen yashin Elbe yana da taushi, hatsinsa yana sakin juna, balle in ya jiƙe. Tan guda na turi a kan ɗan bakin alminiyam yana murƙushe fuskar tsagar, kunnen ya ja ya bar kwari. Dokokin hawan wurin sun samo tushe tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma sun hana duk wani ƙarfe a tsaga, weji ko matokari, kamar yadda ake yi a makwabtansu na Cek irin su Adršpach. Abin da ake sawa ƙullin igiya ne, manya da ƙanana, a tura shi da ɗan itace har ya cije, sai zoben ƙarfe jefi-jefi da wanda ya fara hawan hanyar ya dasa. Baƙo yakan ga abin kamar taurin kai, kuma gaskiya ne akwai tsagogin da ƙulli ba ya kamawa, mutum ya yi nisa ba kariya. Amma hasumiyoyin dutsensu fiye da 1,000 sun sha hawa sama da ƙarni guda kuma tsagoginsu ba su koma irin na Serenity Crack ba.

Indian Creek ta zaɓi ɗaya hanyar, kuma tana biya. Dutsenta shi ma yashi ne. A shahararrun hanyoyin ana ganin kwarin da kunnuwa suka ja da wanda igiya ta zaga, bakin tsagogi ya yi laushi da faɗi saboda hannaye da ƙafafu. Wani zai ce wannan laifin taro ne. Haka ne, amma wa ya kawo taron? Lokacin da hawan Supercrack ke nufin wasa da mutuwa, mutane nawa ne ke zuwa? Kayan da ya hana guduma cin dutse shi ne ya buɗe ƙofar da dubbai suka shigo, kuma ban san yadda za a auna wannan riba da wannan hasara a sikeli guda ba tare da son kai ba. Abin da mahayan wurin suka iya yi shi ne ƙa'idar da suke ta nanatawa, cewa bayan ruwan sama a bar dutse ya bushe kafin a taɓa shi.

Ni dai na fi karkata ga masu goyon baya, da sharaɗin da su kansu gwanayensu ke bi. A giranit mai tsabta, a tsaga miƙaƙƙiya, babu abin da ya kama ƙafar matokari, kuma wanda ya ƙi shi can don kishin gargajiya yana jefa abokin igiyarsa cikin haɗarin da ba dole ba. Amma ban yarda da masu son a mai da shi doka guda ta duniya ba, waɗanda ke kallon Saksoni a matsayin waɗanda zamani ya bari a baya. Nau'in dutse ne ke yanke hukunci, kuma mutanen da suka daɗe a gindinsa sun fi baƙo sanin abin da yake iya ɗauka. Masu koyar da hawa da yawa suna fara sa ɗalibi ya ƙware a weji kafin a miƙa masa mai kunama, don idonsa ya saba karanta tsaga: ina ta ƙuntata, ina ta buɗe, wane ɓangare ne ke ƙarar kango in an ƙwanƙwasa. Kuma in ka duba ƙugun waɗanda suka fi kowa dogara da matokari a manyan bangayen Yosemiti ko na Squamish a Kanada, kusa da jerin launukan nan masu tsada za ka tarar da tarin ƙananan weji a ƙugiya guda, saboda har yanzu akwai tsagar da su kaɗai ke shiga.